Goggon Kuje da Darasin "Used To"

Maza sun dawo daga maƙabarta ke nan, mu mata muna falo muna amsa gaisuwa, sai ƙanwata ta raɗa mini a kunne cewa akwai baƙi a waje, dangi ba su san su ba. Na gyara mayafi na fita.

Suna tsaye a gefen rumfar da aka kafa a ƙofar gida, ba su hau tabarma ba. Wasu da kakin masu gadi, da alama daga wurin aiki suka nemi izini suka taho. Wasu da fararen riguna irin na direbobin manyan gidaje. Akwai mata a cikinsu, da ɗaurin ɗankwali irin na zuwa coci. Danginmu da suka zo daga Zariya sai kallonsu suke yi. Baba, wanda shi ne ƙanin Goggo, mamaciyar, ya tashi ya ce, "Bayin Allah, bismillah, ku zauna mana. Daga ina?"

Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe ta a ƙirji. Ni na san shi, maƙwabcin Goggo ne, direba, mutumin Filato. Ya ce, "Baba, mu ne 'yan ajin Mama. Mama ya tafi ya bar mu."

Baba ya juyo ya dube ni. "Wane aji kuma? Ba ta daɗe da yin ritaya ba?"

Kafin in ba shi amsa, wata mata daga cikinsu ta fashe da kuka mai ƙarfi, har ta durƙushe a ƙasa. Wata tsohuwa cikin danginmu ta leƙo ta ce a yi mata magana, mamaci addu'a yake so. Matar ta share fuska da gefen zani ta ce, "Hajiya, yi haƙuri. Ban iya irin addu'an ku ba, amma na yi nawa tun jiya." Sai tsohuwar ta kama hannunta ta ja ta cikin falo, ta zaunar da ita kusa da ita.

Yaya, ɗan Goggo tilo, wanda ya taho daga Legas a jirgin safe, ya fito wajen baƙin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Da yamma ya same ni a kicin ya ce, "Na san tana koyar da wasu. Ban san haka suke da yawa ba."

A kwanakin makokin na lura kowa da Goggon da ya sani. Mutanen gida sun san yarinyar da ta tafi kwalejin horon malamai lokacin da 'yan mata kaɗan ne ke zuwa. 'Ya'yana sun san tsohuwa mai alewa a aljihun jaka. Ni na zauna da ita a gida ɗaya tun daga ranar da na kama aiki a ma'aikata har zuwa aurena, don haka na ga ya kamata in rubuta abin da na gani kafin ya fara dusashewa.

Goggo yayar Baba ce. Turanci ta koyar a makarantun 'yan mata duk rayuwarta, a Zariya da Kaduna, sannan a Abuja lokacin da aka dawo da ma'aikatar mijinta. Bayan rasuwarsa da ritayarta ta bar gidan gwamnati ta koma ɗan gidan da suka gina a Kuje, mai baranda da fili a baya. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata.

Kullum akwai jan biro a soke a gefen ɗankwalinta, ko da kasuwa za ta. Shayinta da citta da kanumfari yake, a filas, ba ta yarda wani ya dafa mata. Tana sauraren labarai a rediyo tana gyara wa mai karantawa Turanci da ƙarfi, kamar yana jin ta. Amma tana da doka ɗaya da ban taɓa ganin ta karya ba: ba ta gyara wa mutum magana a gaban matarsa ko 'ya'yansa. Ni kuwa da ba ni da miji a lokacin, ban tsira ba. In ina waya a ɗaki na yi kuskure, sai in ji tari daga falo. Tarin nan na san ma'anarsa.

Ajin ya samo asali ne daga maƙwabcin nan direba. Wata rana da yamma Goggo tana ba zogalenta ruwa, ina tsinkar yakuwa, ya dawo daga gari ya gaishe mu ta saman katanga, murya duk a mace. Goggo ta tambaye shi lafiya. Ya ce ya je neman aiki a Maitama, gidan wata Baturiya mai aiki a ofishin jakadanci. Tuƙi ya yi kyau, takardu sun yi kyau. Sai madam ta tambaye shi ko yana duba mai da ruwan mota da safe.

"Ka ce mata me?" in ji Goggo.

"Na ce, I used to check it every morning, madam."

Goggo ta ajiye bokiti. "Ita kuma ta ce me?"

"Ta ce, why did you stop? Mama, ni ban stop ba. Na ce mata, always I used to, madam. Sai ya duba ni kawai, ya ce za su kira ni."

"Zagayo ka shigo," in ji Goggo.

Ta zaunar da shi a baranda, ta zuba masa shayi. Ta ce, "Faɗa mini da Hausa abin da kake nufi."

Ya ce, "Ina duba mai kullum."

"To abin da ka gaya mata shi ne, da kakan duba, yanzu ka daina. Used to ɗin nan akwai 'da' a cikinsa. Duk inda ka ji shi a bakin Bature, abin ya wuce. I used to live in Kaduna, da ina zaune a Kaduna, yanzu ga ni a Kuje. Mu nan mun mai da shi na abin da muke yi kullum, kuma a tasha ko a kasuwa kowa zai gane ka, ba laifi. Amma ita ba a nan ta koyi yarenta ba. In abu ne da kake yi har gobe, ba ya buƙatar kaya. I check it every morning. Shi ke nan."

Mutumin ya riƙe kai. "Wato da bakina na ce mata ni malalaci ne."

"Da bakinka."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa, don ya daɗe ba aiki, ga yara a makaranta. Goggo ta sa shi ya maimaita jimlar har ta zauna masa. Aikin gidan Baturiyar bai samu ba, an riga an ɗauki wani. Daga baya ya samu a wani gida a unguwar, kuma a can yake har yau. Ranar Lahadin da ta biyo bayan ɗaukarsa, ya zo da abokinsa mai gadi. Lahadi ta gaba suka zo da wasu. Haka abin ya kafu: kowace Lahadi bayan la'asar, lokacin da masu zuwa coci sun dawo sun ci abinci, barandar Goggo takan cika. Har daga Masaka wani mai gadi yake tahowa, ya ratsa garin gaba ɗaya a motar haya, saboda ogansa ya yi masa alkawarin matsayi a ofis in Turancinsa ya gyaru.

Ba ta da allo sai wani guntun katako da aka shafa wa baƙin fenti. Ba ta fara darasi da doka. Cewa take, "Faɗi abin da kake nufi tukuna, sannan mu nemo masa riga." Sun koyi yadda ake amsa waya, da yadda ake ba da haƙuri in an makara, da yadda ake cewa a'a ba tare da an yi rashin kunya ba. Amma duk sabon da ya shigo, sai ya bi ta darasin used to, har suka riƙa tsokanar juna da shi. In wani ya zo a makare, sai ka ji an ce, "Oga, you used to come early," a kwashe da dariya.

Takan sa kowa ya kawo jimla daga rayuwarsa, ba ta yarda da misalin littafi. Mai gadin Masaka ya ce, "I used to farm yam." Wani ya ce, "I used to play ball," aka dubi tumbinsa aka yi dariya. Wani kuma ya tambayi yadda zai ce da ba ya yin abu. Ta rubuta masa I didn't use to, ta nuna masa yadda harafin d na ƙarshen used ya faɗi, ta ce, "Did ya riga ya ɗauki kayan jiya, kada ka ɗora sau biyu."

Wata Lahadi suka haɗa baki suka ce sai ita ma ta kawo tata jimlar. Ta yi ta zillewa, suka nace. Ta gyara zaman biron a ɗankwali ta ce, "I used to ride a bicycle." Barandar ta kaure. Direban ya ce, "Mama! Keke?" Ta ce ƙwarai, keken mahaifinsu take sata in ya kwanta barcin rana, ta zagaya bayan gida. Da na tambayi Baba, sai ya ce gaskiya ne, shi ne ma yake tsaron ƙofa, kuma ita ta fi shi iyawa.

Matar da ta yi kuka ranar jana'iza, mai dafa abinci ce a wani gida a Maitama. Ranarta ta farko a aji ina nan, ina zuba musu ruwa. Layi ya zo kanta, ta yi tunani, ta ce a hankali, "I used to have a house in our village." Ta tsaya. Ta ƙara, "I used to have a husband." Mun ji daga baya cewa rikici ne ya kore su daga ƙauyensu, mijin kuma bai fito ba.

Goggo ta dube ta. Ta ce, "Daidai ne. Babu kuskure ko ɗaya." Ta juya ga katakon ta ce akwai wani used to ɗin da yake kama da wannan amma ba ɗaya suke ba. In aka sa am ko is kafin shi, ya koma sabo. I am used to the heat, na saba da zafi. I am used to waking early, na saba da tashin sassafe. I am getting used to it, ina kan sabawa. Ta dubi matar ta ce, "'Yata, gwada wannan."

Matar ta ce, "I am not used to this place."

"Shi ma daidai ne," in ji Goggo. "Ba dole sai kin saba yau ba."

Da aka tashi ta riƙe ta a baya. Ta tambaye ta me take nomawa a gida. Matar ta lissafa mata tumatir da kabeji da alayyafo. Goggo ta kai ta bayan gida ta nuna mata rabin filin ta ce, "Ni bayana ya daina sunkuyo. Ga ƙasa nan tana zaman banza." Ba gaskiya ba ne, bayanta lafiya lau a lokacin. Tun daga nan matar takan riga kowa zuwa ran Lahadi, ta cire takalmi ta shiga kunyoyin shukarta. Na sha hango ta ta taga tana murza ƙasa a hannu tana magana ita kaɗai da yarensu.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da Goggo, kuma a kan wannan kalmar ne.

Bayan aurena na koma cikin gari, amma ni nake kai ta asibiti duba hawan jini. Ranar da abin ya faru, layi ya yi tsawo. Likitan matashi ne, mai fara'a, ga alamar gajiya a fuskarsa. Goggo ta gaishe shi da Turanci, shi ma ya ci gaba da shi. Ya auna ta, ya ɗan ɓata fuska, ya ce, "Mama, you are taking your drugs?"

Ta ce, "I used to take them morning and evening."

"Very good, Mama. Continue. And reduce salt."

Muka fito. Har mun hau hanyar Kuje, mun wuce mahaɗar filin jirgi, sai jimlar ta dawo mini. Na rage gudu na sauka gefen titi.

"Goggo, me kika ce wa likita?"

"Abin da kika ji."

"Tun yaushe kika daina shan maganin?"

Ta dubi taga. "Ban yi masa ƙarya ba. Jimlata daidai take."

"Kin san sarai yadda zai ji ta."

"Wannan tsakaninsa ne da wanda ya koya masa Turanci."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata wannan ba wasa ba ne, rai ne. Na ce ita da take koya wa mutane su faɗi abin da suke nufi, ita ce yau ta ɓuya a bayan nahawu. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta bari na gama, sannan ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, maganin yana sa ta jiri, yana sa harshenta nauyi. Wata Lahadi tana tsaye gaban katako kalma ta ɓace mata, kalma mai sauƙi, ta tsaya da alli a hannu suna kallonta.

"Tun kafin a haife ki nake tsayawa gaban aji," in ji ta. "Ban taɓa neman kalma na rasa ba. Mutanen nan daga nesa suke zuwa, ranar hutunsu ɗaya tak. Ba zan tsaya gabansu ina lalube ba."

"Sai ki gaya wa likita ya canza miki."

"Sai ya ce tsufa ne. Sai ki gaya wa yayanki, shi kuma ya zo ya kwashe ni zuwa Legas, ya ajiye ni a bene kamar tukunyar fure."

Na tada mota na juya. Ta ce, "Ina za ki?" Muka koma asibitin, na roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar mu mu sake shiga. Na gaya wa likitan a fili cewa ta daina shan magani. Ya ajiye biro ya ce, "Mama, but you told me..."

"I told you, young man," in ji Goggo. "You were not listening."

Ya tuno jimlar, sai ya kama baki, ya yi dariya duk da kansa. Ya ce tun firamare ba a kama shi haka ba. Ya saurari bayanin jirin da kyau, ya canza mata magani, ya ce lallai akwai wanda zai fi dacewa da ita.

Muka koma Kuje, na sauke ta a gida. Da zan tafi ta ce, "Sai an jima, Hajiya." Hajiya. Kalmar ta fi mari zafi. Makonni suka wuce, in na kira ta amsa a taƙaice, lafiya lau, na gode, a gai da maigida. Na je gidan, ta karɓe ni kamar baƙuwa, har da kawo mini ruwa a faranti. Na koma gida na yi kuka a mota, amma ban yi nadamar juyawar da na yi ba.

Wata Litinin mai gadin ofishinmu ya ce ana nemana a ƙofa. Direban nan ne, ya ajiye ogansa a wani taro kusa, yana riƙe da leda cike da gwanda da ganyen zogale. Ya ce, "Mama ya ce in ba Uwata. Ya ce in gaya miki, I take them morning and evening." Ya ɗaga yatsa yana murmushi. "Babu used to."

Na tsaya a ƙofar ma'aikata da ledar gwanda a hannu ina dariya ina share ido, mutane suna wucewa suna kallona.

Sabon maganin ya karɓe ta. Ta yi shekaru bayan nan tana ajinta, wasu suka tafi wasu suka zo. Mai gadin Masaka ya samu matsayinsa, ya zo da kwalin lemo ya raba wa aji. 'Ya'yana suka taso suna zuwa hutu wurinta, suna komowa suna gyara wa babansu magana.

Bara, gab da faɗuwar damina, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta da safe tana shirin dafa shayi. Matar nan mai lambu ce ta tarar da ita. Ta yi jinya a asibiti, ta dawo gida a keken marasa lafiya, hannun dama ba ya motsi. Magana ta dawo a hankali, amma Hausa ce kaɗai ta dawo. Turancin da ta yi rayuwarta a cikinsa ya tafi. Takan buɗe baki ta neme shi, sai ta girgiza kai. Likitoci sun ce hakan yana faruwa.

Yaya ya zo da niyyar tafiya da ita. Ya zauna a bakin gado yana lallashi, ya ce akwai ɗaki a ƙasa, ba bene ba, akwai masu kula. Ta kama ƙarfen gadon da hannunta mai lafiya ta ce, "Nan." Ya sake bayani. Ta ce, "Nan." Ya fita baranda ya daɗe a tsaye, ya dawo ya ce shi ke nan. Muka samo mai jinya, ni kuma na riƙa kwana can ƙarshen mako.

Na ɗauka ajin ya mutu ke nan. Lahadin farko bayan dawowarta, da la'asar, sai na ji motsin benci a baranda. Sun zo. Direban ya ɗauko katakon ya jingina, ya ce a bar ƙofar ɗakin Mama a buɗe. Shi ya ja darasin, da abin da ya iya. Ina zaune kusa da ita ina ba ta kunu, sai wani sabon zuwa a waje ya ce, "I am used to wake up by five." Goggo ta karɓe cokalin daga hannuna ta ƙwanƙwasa kofi da shi. Sai muryar mai lambu ta ce, "Waking! Mama ya ce waking!" Aka yi ta dariya da tafi. Goggo ta miƙo mini cokalin, gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

Haka aka yi ta yi har ƙarshe. Ba ta iya furta shi, amma kunnenta bai taɓa barin kuskure ya wuce ba.

A watannin nan ta koma hirar Zariya. Takan ba ni labarin gidansu, da rijiyar tsakar gida, da bishiyar tsamiyar da suke tsinka, da ƙawayen da duk sun riga ta. Hausarta ma ta koma irin ta can, da kalmomin da ban taɓa ji a bakinta ba duk zaman da muka yi. Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar labari ta yi shiru mai tsawo, in ɗauka barci ne, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Asabar ta ƙarshe da na yi da ita, da hantsi, an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Ta ce in tura ta baranda. Muna zaune tana kallon lambu, sai ta kai hannu ta zame ɗankwalinta ta ce, "Yi mini kitso."

Duk zamana da ita ban taɓa ganin kanta a buɗe da rana ba. Ita take yi wa kanta, a ɗaki, ƙofa a rufe. Gashin fari ne fat, mai laushi, ya fi yadda nake zato tsawo, amma jinya ta sa ya cukurkuɗe. Na ɗauko mataji da man kaɗanya, na tsaya a bayanta na fara warwarewa. Ban ƙware a kitso ba.

"Hannunki da nauyi," in ji ta.

"Yi haƙuri, Goggo."

"Yi a hankali. Ba inda za ni."

Na yi a hankali. Ta lumshe ido, ta jingina kanta da cikina. Muka daɗe a haka, muna jin ɗigar ruwa daga kwano da kukan kaji a gidan maƙwabta. Da na gama na kawo mata madubi. Layukan sun karkace, wani ya fi wani kauri. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ce, "Ba laifi. Za ki iya." Ta ƙi yarda in mayar mata da ɗankwalin, ta ce iska tana mata daɗi.

Cikin makon ta rasu, da safe, mai jinya tana gefenta. Ina ofis aka kira ni.

Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Babbar da ke jagorantar mu ta ce a warware gashin a wanke. Ta kai hannu, na ce ta bar mini. Kitsona ne, yana nan yadda na yi shi, da karkatattun layukansa, har ƙamshin man kaɗanyar bai gama fita ba. Na warware shi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ta ce in riƙa yi.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya yalwata mata makwanci, ya sa abin da ta koyar ya riƙa isa gare ta. Mu kuma da ta bari da kewa, a gida da baranda, Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan. Amin.